Yadda Ake Sassaƙa Muciya a Gida, Daga Reshen Itace Zuwa Tukunyar Tuwo

Yawancin muciyar da ake sayarwa a kasuwa yanzu ba a yi ta don tukunyar kowa ba. An fere ta ne cikin gaggawa daga ɗanyen itace mai taushi, aka ɗaure dami-dami, wata ta cika tsawo, wata wuyanta ya yi siriri, da yawa kuma da cibiyar itacen, wato ɗigon tsakiyarsa, a cikinsu, shi ya sa da hunturu ya kama sai ka ga baki ya dare. Ni ma'aikaci ne, Litinin zuwa Juma'a ina ofis. Sassaƙa aikin Asabar ne a wajena, a ƙarƙashin rumfar bayan gida. Girki kuwa tun ina yaro nake raɓe kusa da murhun Inna, har yau kuma tuwon daren Lahadi a gidana ni nake tuƙa shi. Mai tuƙa tuwo da hannunsa ya san inda muciya take cin tafin hannu, ya san inda take lanƙwasa idan tuwo ya yi tauri, ya kuma san lungun tukunyar da ba ta kaiwa, inda gari yake ɓuya ya koma gudaji. Wannan sanin ne ya kamata ya ja wuƙar mai sassaƙa.

Aikin hannun bai wuce na yini biyu ba, amma tsakanin yinin farko da na biyu akwai jiran mako uku zuwa huɗu. Idan don tuwon Sallah ko na suna kake so, fara tun da saura wata guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaɓen itace

A nan zan daɗe, domin abin da zai shiga tafasasshen abinci kullum ba a yi masa zaɓen ido rufe. Muciyata ta farko daga ragowar katakon rufi na yanke ta, wanda ya saura bayan an gyara mana ɗaki. Ta yi kyau a ido. Ranar da ta shiga tukunya, tururin ya taso da warin maganin gara, tuwon mutum shida ya tafi bola, ita kuma ta bi shi. Katakon gini da ake sayarwa a 'yan katako, ko na Na'ibawa a Kano ne ko na Panteka a Kaduna, don rufi da ƙofa da kujera aka tanade shi, kuma sau da yawa an shafe shi da maganin ƙwari ko baƙin mai kafin ya iso hannunka. Ba laifin masu sayarwa ba ne, aikin da aka nufa da shi ke nan. Filawud da allon garin katako da aka matse da gam ma haka: gam ɗinsu ba na ci ba ne. Katakon da ake ɗora kayan jirgin ruwa a kai shi ma a bar shi. Mai tambarin MB an turara shi da iskar kashe ƙwari, mai tambarin HT zafi kawai aka gasa masa, amma ko shi ba ka san abin da ya zube a kansa a hanya ba.

Abin da ake so shi ne ɗanyen reshe daga bishiyar da ka san sunanta, ka kuma san ana cin 'ya'yanta. Gwaiba ce zaɓina na farko: jikinta a matse yake, tana yin santsi ƙarƙashin wuƙa, ba ta da ɗaci, sai dai samun miƙaƙƙen reshenta sai an nema. Mangwaro ya fi sauƙin samu, ya fi sauƙin fira, shi nake ba wanda zai fara shawara, amma ruwan ɓawonsa yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka a wanke hannu da sabulu bayan ɓare shi. Aduwa, wadda da ita ake sassaƙa allon karatu da ƙotar fartanya, tana da ƙarfi ƙwarai, a dai cire ɓawonta tas. Magarya da lemo ma suna yi. Ƙirya kuwa ta turmi da taɓarya ce, maƙera kuma sun san darajar gawayinta, amma taurinta zai karya wa sabon shiga gwiwa tun kafin ya ga siffar muciya.

Maɗaci sunansa ya faɗi halinsa. Darbejiya ma ɗacinta yana daɗewa kafin ya fita. Tumfafiya da tinya da duk wani mai fitar da farin ruwa kamar nono, kada su kusanci abinci. Gwaska guba ce da magabata suka sani sarai. Itacen da ka tsinta a gefen hanya ba ganye ba ɓawo, wanda ba mai iya gaya maka sunansa, na hura wuta ne.

Kada ka sare bishiya saboda muciya. Reshe ɗaya ya isa, kuma ana samunsa kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan a wajen masu lambu lokacin da suke rage rassa, ko bayan iskar farkon damina ta karya wani. Mun ga abin da ya sami madobiya, da aka yi ta lodinta daga dazukan Taraba da maƙwabta zuwa ƙasar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mai son itace ya kamata ya fi kowa jin zafin wannan.

Reshen ya kai kaurin inci 4 zuwa 5, tsawonsa ya kai inci 28, miƙaƙƙe, ba ido a jikinsa, wato gurbin da wani ƙaramin reshe ya fito. Dubi ɓawon da kyau. Idan layukansa sun murɗe suna zagaya reshen kamar igiya, cikin ma a murɗe yake, ba zai tsage daidai ba.

Kayan aiki

Ba sai ka tara kayan kafinta ba. Zarto, ƙaramin gatari ko adda mai nauyi, wuƙa mai gajeren baki da ƙota mai cika hannu, magagari, samfefa lamba 80 da 120 da 220, fensir, tef ɗin awo, guntun kwali, kyandir ɗaya, da kututturen da za ka riƙa sara a kai. Idan kana da gizago ka iya riƙe shi, zai rage maka rabin wahala, amma wanda bai saba ba ya fara da gatari. Sikelin kicin ma zai yi amfani nan gaba.

Wasa komai kafin ka fara. Dakusasshiyar wuƙa ce take yanka mutum, domin sai ka danna ta da ƙarfi, ta zame, ta tafi inda ba ka aike ta ba. Gwajin kaifi shi ne ta yanki gefen takarda ba tare da ta yage ta ba. Sa rufaffen takalmi, ka kori yara daga wajen har ka gama aikin gatari.

Auna tukunya kafin ka taɓa itace

Ɗauko tukunyar da aka fi tuƙa tuwo a cikinta a gidan. Auna zurfinta, ka ƙara taƙi biyu na hannun mai tuƙin. Wannan ne tsawon muciyar. Ga tukunyar gida mai cin mudu ɗaya zuwa biyu, lissafin yakan faɗa tsakanin inci 22 da 24, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori. Idan ta gaza haka tururi zai riƙa dukan hannu, talge kuma in yana tsalle zai same ka. Idan ta wuce haka a kan risho ko gas da ke bisa tebur, kafaɗa ce za ta biya. Mai girki a murhun ƙasa, zaune kan kujera 'yar tsugunne, yana iya ƙara inci 3 ko 4, sai dai ya nemi reshen da ya ɗan fi tsawo.

Sai abin da muciyar kasuwa ba za ta taɓa ba ka ba. Yanki kwali mai faɗin inci 2 da rabi da tsawon inci 6, ka tsayar da shi cikin tukunyar a lungun da gindi ya haɗu da bango. Rage kusurwar kwalin da almakashi kaɗan-kaɗan har ta zauna cikin lungun ba tare da haske ya ratsa ba. Tukunyar dalma ƙirar gida lungunta a zagaye yake sosai, ta kanti mai shafaffen gindi kuma lungunta a tsuke yake. Wannan kwalin shi ne siffar bakin muciyarka. Adana shi, za ka neme shi sau biyu.

Tsaga reshen

Yanke inci ɗaya daga kowane ƙarshen reshen da zarto don ka ga lafiyayyen itace. A fuskar yankan za ka ga zobba, a tsakiyarsu kuma ɗan ɗigo. Ɗigon nan shi nake kira cibiya, kuma daga gare shi kusan duk wata tsaga take farawa. Dalili shi ne itace idan yana bushewa ba ya raguwa daidai ta kowane ɓangare: ta tsawo kusan ba ya motsi, ta zagayen zobba kuwa yana tsukewa kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga ɓawo zuwa tsakiya. Muddin cibiya tana ciki, zobban waje suna son tsukewa, na ciki sun tokare su, sai itacen ya dare don ya sami sauƙi. Cire cibiya, ka cire rigimar.

Tsayar da reshen kan kututture. Ɗora bakin gatari a kan yankan, ya ratsa ta kan cibiyar daidai, ka riƙa dukan bayan gatarin da wani guntun itace mai nauyi. Kada ka doki ƙarfe da ƙarfe, ɓalli yana iya tashi ya sami ido. Da tsagar ta buɗe, cusa guntun itace mai siririn baki a ciki, ka zare gatarin, ka ci gaba da bin ta har ƙasa. Ɗanyen mangwaro ba ya gardama sosai. Aduwa kan sa a yi gumi.

Akwai dalilin da ya sa ake tsagawa maimakon a raba da zarto. Zarto yana bin layin da ka zana ne, ko da ya yanke jijiyoyin itacen a karkace. Tsaga kuwa tana bin jijiyar da kanta, saboda haka muciyar da ta fito daga tsagi jijiyarta ɗaya ce daga baki har ƙota, kuma irinta ce take jure tuwon dawa mai tauri.

Zaɓi rabin da ya fi miƙewa. Fere fuskar tsagin da gatari ka zubar da kamar rabin inci, har layin cibiyar ya ɓace gaba ɗaya. Ɓare ɓawon. Sassaƙe bayan ma ya kwanta, ka sami abu mai kama da ɗan allo, kaurinsa inci ɗaya da rabi, faɗinsa inci 3.

Fitar da siffa tun yana ɗanye

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma fira. Abin da wuƙa za ta yanka kamar rogo yau, bayan wata guda sai ta yi da ƙyar. Saboda haka a yinin da ka tsaga, a yinin za ka fitar da siffa.

Ja layi a tsakiyar allon daga sama har ƙasa. Ɗora kwalinka a ƙarshen da ya fi kauri, ka zana baki. Daga bakin, zana kafaɗu biyu masu gangarowa a hankali cikin tsawon inci 3 zuwa ga wuya, sannan ƙota mai faɗin inci ɗaya da kwata har ƙarshe. Bar rarar kamar kaurin fensir a wajen layin ko'ina, domin itacen zai rage idan ya bushe, zai kuma iya ɗan karkacewa.

Kafin gatari ya taɓa gefen ƙotar, yi 'yan yanka da zarto daga gefe zuwa kusa da layi, tazarar inci 2 tsakaninsu, mafi muhimmanci kuma guda ɗaya a kowane gefe daidai ƙasan kafaɗa. Amfaninsu shi ne idan ka sara, tsagar za ta tsaya a yanka na gaba, ba za ta zarce ta kwashe maka rabin baki ba. Riƙe allon a tsaye a kan kututture, hannun da ke riƙon yana sama can nesa da inda gatari ke sauka, ka kama gatarin kusa da kansa, ka riƙa gajerun sara. Idan ka zo rabin tsawo, juya allon. Kada yatsa ya taɓa kasancewa a ƙasan bakin gatari, ko sau ɗaya.

Ƙa'idar fira ɗaya ce, wadda in ka riƙe ta itace zai bi ka: daga kauri ake gangarowa zuwa siriri. Daga faɗin baki ka gangaro kafaɗa zuwa wuya. Daga ƙarshen ƙota ma ka nufo wuya. Idan ka yi akasin haka, wuƙa za ta shige ƙarƙashin jijiya ta ɗago ta, ka ga sartse ya tashi ya bar rami. Duk lokacin da ka ji wuƙa tana nutsewa maimakon ta fitar da siririn sassaƙe, tsaya, juya itacen, ka zo ta ɗaya ɓangaren.

Ƙotar kada ka yi saurin zagaye ta. Fara mayar da ita mai kusurwa huɗu daidai, sannan ka fere kusurwoyin ta koma mai takwas. Daga takwas zuwa zagaye abu ne mai sauƙi, kuma ta haka ne take fitowa a miƙe. Ni a takwas ɗin ma nake barinta, in ɗan kashe kaifin gefunan kawai, domin hannun da ya jiƙe da tururi ya fi kama mai kusurwa.

Wuya shi ne inda muciya take mutuwa. Ido yana son siririn wuya, tuwo ba ya so. Kada ya gaza inci ɗaya ta kowane ɓangare, kuma kada ka yi masa gaɓa mai kaifi inda ya haɗu da kafaɗa. Bari ya narke cikinta a hankali yadda wuyan gora yake shiga cikinsa.

Jira

Yanzu kana da muciya mai kaushi, mai nauyi, mai sanyi a hannu saboda ruwan da ke cikinta. Ruwan nan ya fi saurin fita ta ƙarshen jijiyoyi, wato ta baki da ta ƙarshen ƙota, kuma idan can ya bushe alhali tsakiya tana jiƙe, tsaga ce za ta biyo. Kunna kyandir ka ɗiga a ƙarshen biyu har su rufe. Tattara sassaƙen da ka zubar, ka zuba a kwali, ka binne muciyar a ciki, ka ajiye a ɗaki inda rana ba ta shiga. Kada ka yi amfani da buhun siminti ko na taki. Leda kuma tana riƙe gumi har fumfuna ta fito.

Lokacin shekara yana da ruwa da tsaki a nan. A Kano da Katsina da Maraɗi, cikin Janairu da Fabrairu, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Iskar da take fasa leɓe da dunduniya haka take yi wa ɗanyen itace, cikin dare ɗaya ma. A irin wannan lokaci rufe kwalin sosai, kada ka buɗe shi sai bayan kwana uku. A watan Agusta kuwa matsalar ta juya: itacen ba ya son bushewa, fumfuna tana jira. Sai ka bar kwalin a buɗe, ka riƙa sauya sassaƙen idan ka ji sun yi danshi.

Kada ka dogara da taɓawa don sanin ko ta bushe. Ɗora ta a sikelin kicin ranar farko, ka rubuta nauyin da fensir a jikin kwalin, ka riƙa sake aunawa duk bayan kwana uku. Da farko nauyin zai riƙa zubewa da sauri, daga baya ya rage gudu. Ranar da awon ya zo daidai da na kwana uku da suka wuce, ta gama. Fito da ita ta kwana biyu a sararin ɗaki kafin ka koma mata da wuƙa. Na san jiran nan yana da wuya ga wanda Asabar kaɗai yake da ita, hannu yana ƙaiƙayi. Ni a makonnin nan nake wasa kayan aiki, ko in tsaga wani reshen in binne, don kada rumfa ta zauna shiru.

Gyaran baki

Yanke ƙarshen biyu masu kyandir da zarto, ka daidaita tsawo. Ɗaga muciyar saitin ido ka leƙa ta daga ƙota zuwa baki kamar mai duba miƙewar sanda. Idan ta ɗan karkace, rarar da ka bari za ta ba ka damar gyarawa. Sake ɗora kwalin siffar baki ka sabunta zanen.

Fuska ɗaya ta bakin ta zama shafaffiya, ita ce mai danne gudaji a jikin tukunya. Ɗaya fuskar ta ɗan yi tudu kamar bayan kifi, ita ce mai ratsa tuwo ta juya shi. Kaurin tsakiyar bakin ya tsaya wajen kashi uku cikin huɗu na inci, ya riƙa raguwa zuwa gefe, amma gefen kada ya kai siririn wuƙa. Bar shi da kaurin fensir, ka zagaye shi. Siririn gefe yana ɓarewa, kuma shi ne yake fara ƙonewa.

Kai ta kicin ka gwada a busasshiyar tukunya. Shafa ɗan gawayi a lungun tukunyar, ka zagaya da bakin muciyar yadda kake yi in kana tuƙi. Inda baƙi ya kama a jikin itacen, nan ne ya yi tudu. Rage shi da magagari, ka sake gwadawa, har baƙin ya kama gefen gaba ɗaya. Mai tuƙi da hagu shi zai yi wannan gwajin da kansa, domin kusurwar da yake kwantar da muciya daban ce.

Huda ƙarshen ƙota don igiyar ratayewa. In ba ka da na'urar huji, riƙe ƙusa mai inci 6 da filaya, ka sa ta a wuta ta yi ja, ka huda daga kowane gefe su haɗu a tsakiya.

Samfefa ba ta buƙatar dogon bayani: 80, sannan 120, sannan 220, kullum ta tsawon jijiya, a waje inda iska ke kaɗawa, da ƙyalle a hanci. Abu ɗaya ne mutane suke tsallakewa. Bayan ka gama, jiƙa muciyar da ruwa ka bar ta ta bushe a inuwa. Za ka ji ta yi gashi-gashi. Goge da 220, ka sake jiƙawa, ka sake gogewa. In ba ka yi haka ba, gashin nan a tukunyar farko zai tashi.

Daga nan tafasa ruwa a tukunya, ka tsoma bakin na minti goma. Ruwan zai iya yin launin shayi, wannan ba komai ba ne. Bari ya huce ka ɗanɗana. Idan akwai ɗaci ko bauri, zubar ka sake da sabon ruwa har ya fita. Idan an yi sau uku bai fita ba, ko ka ji wani wari da ba na itace ba, haƙura da ita.

Mai

Fenti da banish ba su da wuri a jikin muciya, zafi yana ɓamɓare su su shiga abinci. Man gyaɗa da man ja kuma suna daɗewa a cikin itace su yi wari. Iyayenmu ba sa shafa wa muciya komai, tuƙi da wanki ne suke mayar da ita sumul, kuma gaskiya bakin da ke shiga tafasasshen tuwo ba ya riƙe mai ya daɗe. Amma ƙota da wuya suna amfana, musamman da hunturu.

Abin da nake amfani da shi kakin zuma ne kashi ɗaya, da farin man nan da ake sayarwa a kemis don taurin ciki, mai suna Liquid Paraffin a jikin kwalba, kashi huɗu. A kula, ba kananzir ba ne, ko da yake a wasu ƙasashe sunansu ɗaya. Kakin kuwa masu sayar da zuma suna da shi. Zuba su a gwangwani mai tsabta, ka tsayar da gwangwanin cikin ruwan zafi har su narke su haɗu. Kada ka ɗora shi kan wuta kai tsaye, kaki yana kamawa da wuta. In ya huce zai yi kauri kamar man shafawa. Wanda bai sami waɗannan ba, man kaɗe mai kyau ya wadatar. Shafa da yatsa ko'ina, ka bari ya kwana, da safe ka goge da tsumma har ya daina maiƙo.

Tuwon gwaji

Muciya ba ta gamu ba sai ta tuƙa tuwo, kuma da na masara nake gwadawa, domin shi ne mai saurin yin gudaji. Tankaɗe gari kofi 3. Ɗora ruwa kofi 7 a tukunyar nan da ka auna. Ɗebi kofi ɗaya na garin ka dama da ruwan sanyi, in ruwan tukunya ya tafasa ka zuba kana juyawa, ka rage wuta, ka rufe talgen ya dahu kamar minti goma. A nan za ka fara sanin ko tsawon ya yi, domin talge yana tsalle, kuma hannunka ya kamata ya kasance sama da inda yake kaiwa.

Sai ka riƙa barbaɗa sauran garin da hannu ɗaya kana tuƙawa da ɗayan. In ya fara kauri, kama tukunyar da tsumma, ka jawo tuwon daga can gefe zuwa gabanka, ka danne shi a bango da shafaffiyar fuskar, ka juya, ka sake. Saurari hannunka a nan. Idan wani wuri a ƙotar yana cin tafinka, riƙe wurin a ranka. Idan ka ji wuyan yana ɗan ba da kai, tuwon ya fi ƙarfinsa, sai ka mayar da ita ta talge da kunu da fate, ta gaba ka ƙara mata kauri. Zagaya lungun tukunyar da bakin, ka ɗago ka duba: in ba farin gari a manne, kwalinka ya yi aikinsa. Yayyafa ruwa kaɗan, ka rufe ya turara minti goma a ƙaramar wuta, ka sake tuƙawa sau ɗaya, sannan ka kwashe da mara ka malmala.

Wanke muciyar tun tuwon jikinta bai bushe ba. In ya riga ya kama, jiƙa na minti goma ya isa a kankare. Kada ta kwana a ruwa, kada kuma a bar ta cikin tukunya a kan wuta, nan ne baki yake ƙonewa. Goge ta, ka rataye ta inda iska ke ratsawa. Idan ta ɗauki ƙarni ko fumfuna ta taɓa ta da damina, goga mata gishiri da rabin lemon tsami, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa. Ranar da ka ga tsaga a baki, ta tashi daga aikin abinci, domin abin da ya maƙale a cikin tsagar wanki ba ya fitar da shi.

Washegari, in ta bushe, nemo wurin nan da ya ci maka hannu, ka zagaye shi da fensir, ka rage shi da wuƙa kaɗan, ka bi da samfefa da mai. Tawa ta gwaiba sai da na koma mata sau uku, Lahadi uku a jere, kafin ta zauna a hannuna. Ɗaya rabin reshen kuma kada ka kai shi murhu. Idan ka ɗiga masa kyandir tun ranar da ka tsaga, ka binne shi tare da muciyar, akwai cokalin juya miya guda biyu a cikinsa, kuma da kwali za ka fara, a lungun tukunyar miya.